Rigingimun Amurka na yau duk tsofaffi ne, ga inda suka samo asali

Ranar da aka rantsar da Donald Trump karo na biyu, 20 ga Janairun 2025, cikin takardun da ya rattaba wa hannu akwai wadda take cewa daga yanzu ba duk jaririn da aka haifa a Amurka bane zai zama ɗan ƙasa kai tsaye, in dai iyayensa ba 'yan ƙasa bane kuma basu da takardar zama na dindindin. Ba a kwana biyu ba jihohi sama da 20 suka garzaya kotu. Mutanenmu da yawa sun bi labarin saboda masu halin da suke kai matansu can su haihu, amma abun da ba kowa ya lura dashi ba shine jimlar kundin tsarin mulki da ake ta wannan tata-ɓurza akanta ba don 'yan ci-rani aka rubuta ta ba sam, a 1868 ta shiga kundin, don bayin da aka 'yanta.

To haka tarihin ƙasar nan yake in ka zauna ka bi shi a tsanake. Duk zamanin da ka ɗauka zaka tarar wata masifa ce ta haife shi, ko yaƙi ko karayar arziki ko mutane sun cika titi, sai a yi doka ko a kafa hukuma cikin gaggawa don a samu sa'ida, masifar ta wuce amma dokar ta zauna daram, bayan shekara 50 ko 100 sai kaji ana ta ɗaga jijiyar wuya akanta. Kaman gidan gadon da ba a raba bane tun rasuwar kaka, kowa na zaune a ɗakinsa ana gaisawa, amma da zarar wani ya ɗora bulo ɗaya sai jikoki su kwaso tsofaffin takardu a nufi gaban alƙali.

Dole a fara daga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, ko da wani zai ce ai wannan ya yi nisa. Jihohi 11 na kudu suka ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln, kuma kada wani ya ruɗe ka da zancen wai 'yancin jihohi suke karewa, takardun ɓallewar da irin su Mississippi da Carolina ta Kudu suka fitar da hannunsu sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa bauta ce dalili. Bayi kusan miliyan 4 ne a ƙasar a ƙidayar 1860, su ke noman audugar da masaƙun Ingila suke saye. Yaƙin ya ci rai aƙalla 620,000. Da aka gama sai aka yi wa kundin tsarin mulki gyara guda uku, na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 yace duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne kuma doka zata kare kowa daidai wa daida, na 15 a 1870 yace ba za a hana mutum jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa ba. Na 14 ɗin martani ne ga Kotun Ƙoli, wadda a 1857 a shari'ar wani bawa Dred Scott ta yanke cewa baƙin mutum bazai taɓa zama ɗan Amurka ba.

Shekaru 12 da suka biyo bayan yaƙin su ne a ganina mutane suka fi jahilta, alhali su ne mabuɗin komai. Sojojin tarayya suna jibge a kudu, baƙaƙen fata suka fito suka yi zaɓe, aka zaɓe su majalisun jihohi, har Hiram Revels ya zama sanata daga Mississippi a 1870, shekara biyar kacal da ƙarshen bauta. Amma alƙawarin gona eka 40 da aka yi wa wasu 'yantattun bayin, Andrew Johnson wanda ya gaji Lincoln bayan an harbe shi ya soke, ya mayar wa tsofaffin iyayen gida filayensu. Mutum ya samu 'yanci babu ko taƙin ƙasa, to ina zai je? Sai ya koma gonar tsohon ubangidansa yana noma ana raba amfani, bashin iri da na abinci yana hawa kansa shekara bayan shekara. A 1877 aka yi sulhun siyasa kan zaɓen shugaban ƙasa da ya rikice, aka ba Rutherford Hayes kujera aka janye sojoji daga kudu, shikenan aka bar baƙaƙe a hannun waɗanda suka yi yaƙi don su ci gaba da mallakarsu. Ba a soke gyara na 15 ba fa, dabara aka yi masa, aka ce sai ka biya haraji kafin ka yi zaɓe, sai ka ci jarabawar karatu wadda farin ma'aikaci ne zai ce ka ci ko ka faɗi, wanda ya yi taurin kai kuma 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, su rataye shi a bishiya cikin dare. A Louisiana baƙaƙen da suke da rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896, zuwa 1904 basu kai 1,400 ba. A 1896 ɗin dai Kotun Ƙoli ta halatta wariya a jirgin ƙasa, daga nan ta bazu makaranta, asibiti, famfon shan ruwa, har maƙabarta. Wannan tsarin da suke kira Jim Crow ya yi kusan shekara 70 yana aiki.

Shi kuwa gyara na 14 sai ya zama makamin kowa. Dashi Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1898 cewa Wong Kim Ark, ɗan 'yan China da aka haifa a San Francisco, ɗan ƙasa ne. Dashi aka rushe wariyar makarantu a 1954, dashi aka halatta zubar da ciki a 1973 kafin a warware hukuncin a 2022, dashi aka tsayar da sake ƙirga ƙuri'un Florida a 2000 George Bush ƙarami ya hau mulki da ratar ƙuri'a 537, dashi aka halatta auren jinsi a 2015, kuma abun mamaki dashi aka soke fifikon da jami'o'i suke ba baƙaƙe wajen ɗaukar ɗalibai a 2023.

Lokacin da kudu ke wannan hali arewa kuɗi take tarawa kaman ba gobe. A 1869 layin dogo ya haɗe gabas da yamma, aka ture 'yan asalin ƙasar wato jajayen Indiyawa zuwa wasu keɓaɓɓun wurare bayan an karya yarjejeniyoyin da aka yi dasu ɗaya bayan ɗaya. Andrew Carnegie ya kama ƙarfe, John Rockefeller ya kafa Standard Oil a 1870 ya dinga haɗiye abokan gasa har sai da kusan kashi 90 cikin ɗari na tace mai ya koma hannunsa. Ma'aikata kuwa awa 12 a rana, har da yara ƙanana, in an yi yajin aiki a turo 'yan bindiga. Fushin talakawa da manoma ne ya haifi dokar Sherman ta 1890 ta hana kane-kane a kasuwa, wadda da ita aka farfasa Standard Oil gida 34 a 1911. Exxon da Mobil da Chevron, waɗanda muka sani a Neja Delta, duk 'ya'yan wannan rabon ne. Kuma da wannan tsohuwar dokar ce wani alƙalin tarayya ya samu Google da laifin danne kasuwa a 2024. A 1913 aka kafa babban bankin ƙasar, aka kuma fara karɓar harajin kuɗin shiga, kafin nan gwamnatin tarayya da harajin kwastam da na giya da taba take rayuwa. Shi yasa in kaji Trump yana yabon William McKinley, mai dokar harajin kwastam ta 1890, har ya mayar da sunansa kan dutse mafi tsawo a Alaska, to wancan zamanin yake wa kwaɗayi.

Zancen baƙi ma a nan ya samo tushe. Mutum kusan miliyan 12 suka shigo ta tsibirin Ellis a New York tsakanin 1892 da 1954, Italiyawa, Yahudawan gabashin Turai, 'yan Poland, kuma irin maganganun da ake yi wa 'yan Mexico da Musulmi yau su aka yi musu, wai ɓarayi ne, wai addininsu bazai zauna da na ƙasa ba. An hana 'yan China shigowa tun 1882, a 1924 kuma aka yi dokar da ta raba gurbi ta yanda 'yan arewaci da yammacin Turai ne kawai suke da babban kaso. Ƙofar ta zauna a haka shekara 41.

A waje kuwa, 1898 Amurka ta doke Sifaniya ta karɓe Filifin da Puerto Rico da Guam, a 1903 ta karɓi hayar Guantanamo a Kuba, eh wannan Guantanamon dai da muka sani. Ta shiga yaƙin duniya na ɗaya a 1917, shugabanta Woodrow Wilson ya kawo shawarar kafa ƙungiyar ƙasashen duniya, majalisar dattawansa ta ƙi yarda Amurka ta shiga. Wannan ja-in-jar tsakanin masu cewa mu jagoranci duniya da masu cewa ina ruwanmu bata taɓa mutuwa ba.

Sai Oktoban 1929, kasuwar hannun jari ta rushe. Mutane sun daɗe suna sayen hannun jari da bashi, da farashi ya faɗi masu bashi suka ce a biya, kowa ya ruga banki ya kwashe kuɗinsa, bankuna dubbai suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki, babu wanda zai biya ka ko sisi. Majalisa ta ƙara dagula lamarin da ta lafta harajin kwastam a 1930, sauran ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke. Zuwa 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki bashi da aikin yi. Franklin Roosevelt ya hau mulki a shekarar da shirinsa na farfaɗo da tattalin arziki mai suna New Deal, kuma a nan ne ma'anar gwamnati ta canja gaba ɗaya a Amurka. Kafin shi talaka baya tsammanin komai daga Washington in banda wasiƙar gidan waya. Bayan shi gwamnati ce ke tsaya wa ajiyarka a banki, yau har dala 250,000, ita ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ita ta ba ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfin doka a 1935, ta kafa fanshon tsofaffi na ƙasa baki ɗaya a 1935, ta yanka mafi ƙarancin albashi a 1938, santi 25 a awa. Sau huɗu aka zaɓe shi, abun da yasa a 1951 aka gyara kundi aka ce wa'adi biyu kawai, tsarin da Najeriya ta kwafo tare da sauran fasalin shugaba mai cikakken iko a 1979.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Roosevelt bazai iya wuce da doka ba sai da ƙuri'un sanatocin kudu na jam'iyyarsa ta Democrat, masu wariya. Sai aka tsame ma'aikatan gona da 'yan aikin gida daga fanshon da farko, kuma su ne ayyukan da akasarin baƙaƙen kudu suke yi. Hukumomin bashin gida suka zana taswirar birane suka ja jan layi kan unguwannin baƙaƙe, ma'ana a nan ba a bada rance. Fari ya sayi gida da bashi mai sauƙi ya bar wa 'ya'yansa, baƙi ya ƙare a haya. Duk wanda yake mamakin yanda har gobe dukiyar matsakaicin gidan farare ta ninka ta baƙaƙe sau da yawa, ga inda aka dasa ta.

Ba New Deal bane ya ƙarasa kashe rashin aikin yi, yaƙin duniya na biyu ne. Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941, masana'antun motoci suka koma ƙera tankoki da jirage. An tsare 'yan asalin Japan kusan 120,000 a sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasa ne haifaffun can. An jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945. Amurka ta rasa sojoji sama da 400,000, Tarayyar Sobiyat ta rasa mutum wajen miliyan 27, Turai da Japan sun zama kufai, ita kuwa masana'antunta ko ƙwarzane babu, kusan kashi biyu cikin uku na zinaren gwamnatocin duniya yana rumbunta. Da wannan ƙarfin ta tara ƙasashe 44 a Bretton Woods a Yulin 1944 aka kafa IMF da Bankin Duniya, aka ɗaure kuɗaɗen duniya da dala, dala kuma aka ɗaure ta da zinare, dala 35 kowace oza. Richard Nixon ya tsinke igiyar zinaren ranar 15 ga Agustan 1971, amma dala bata sauka daga kujerar ba, da ita ake cinikin mai, da ita ake cin bashi, fiye da rabin ajiyar manyan bankunan duniya da ita ne. Ɗan canji a Wapa da yake duba waya da sassafe yaga nawa ta kwana, hukuncin wancan taron yake aiki dashi. Wani ƙaramin abu kuma da yaƙin ya bari, gwamnati ta hana ƙarin albashi lokacin yaƙi sai kamfanoni suka koma jan ma'aikata da inshorar lafiya, to daga nan ne lafiyar Ba'amurke ta maƙale a wuyan aikinsa, in an sallame ka daga aiki asibiti ma ya gagare ka.

Yaƙin cacar baki ya ɗauki 1947 zuwa 1991. An kafa hukumar leƙen asiri ta CIA a 1947, shirin Marshall na kusan dala biliyan 13 don tada Turai a 1948, NATO a 1949, yaƙin Koriya 1950 zuwa 1953 wanda tsagaita wuta kawai aka yi, har yau sojojin Amurka kusan 28,500 suna Koriya ta Kudu. Duk shugaban da aka ga ya karkata wajen Mosko, ko ma kawai ya taɓa kamfanin Turawa, ya shiga uku. A 1953 CIA da Ingila suka kifar da Mohammad Mosaddegh a Iran bayan ya mayar da man ƙasar hannun gwamnati, suka ƙarfafa Shah, sarkin ƙasar, wanda juyin 1979 ya kora, kuma gabar da ake yi yau daga can take. A Kwango CIA ta ƙulla kashe Patrice Lumumba da guba, 'yan Katanga da Beljiyam suka riga ta a Janairun 1961, sannan Amurka ta rungumi Mobutu shekara 30. Dwight Eisenhower, janar ne fa, da zai sauka a 1961 da bakinsa ya gargaɗi 'yan ƙasar kan haɗin bakin sojoji da kamfanonin makamai. Kasafin tsaronsu yanzu ya haura dala biliyan 800 a shekara.

Wannan gasar da Sobiyat ita ta taimaki baƙaƙen Amurka ta inda ba a zata ba, kuma Afirka na ciki dumu-dumu. Ta yaya zaka ce kai ne jagoran 'yanci alhali jaridun Mosko suna buga hoton karnukan 'yan sanda suna yagar yara a Alabama? A Oktoban 1957 ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya tsaya wani gidan abinci a jihar Delaware aka ce baƙar fata baya zama ya sha lemo a ciki, sai da Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke kunya. A 1961 jakadan Chadi ma aka hana shi kofi a hanyar New York zuwa Washington. Ƙasashen nan sababbin 'yanci ne, kowacce da ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba wai ina rage wa masu gwagwarmayar komai bane, su suka sha duka da ɗauri. Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas ranar 1 ga Disamban 1955 a Montgomery, baƙaƙen garin suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa basu hau bas ba. Martin Luther King, wanda ya halarci bikin 'yancin Gana a 1957, ya tara mutum kusan 250,000 a Washington a 1963. Malcolm X ya yi aikin Hajji a 1964 ya biyo ta Najeriya da Gana, aka harbe shi a Fabrairun 1965, King kuma a Afrilun 1968.

Lyndon Johnson, mutumin Texas, shi ya sa hannu kan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965. Ka lura, ba sabon haƙƙi aka bayar ba, alƙawarin 1870 ne aka cika bayan shekara 95. A Mississippi baƙaƙe masu rajista basu kai kashi 7 cikin ɗari ba kafin dokar, cikin shekara biyu suka kusa kashi 60. Ƙarfin dokar shine jihohin da suka saba maguɗi basu isa su canja dokar zaɓe ba sai Washington ta amince, kuma wannan sharaɗin ne Kotun Ƙoli ta karya a 2013. A 1965 ɗin dai aka kafa inshorar lafiya ta tsofaffi Medicare da ta talakawa Medicaid, aka kuma soke rabon gurbi na 1924, ƙofa ta buɗe wa Asiya da Afirka, likitocin Najeriya da suka cika Houston da Maryland ta wannan ƙofar suka bi. Siyasa kuma ta yi juyin waina. Republican jam'iyyar Lincoln ce, baƙaƙe ita suke bi a da, Democrat kuma ta fararen kudu. Daga 1964 fararen kudu suka fara kwashe kayansu suna komawa Republican, yau taswirar zaɓen ta kife gaba ɗaya.

Biyetnam ce ta fara karya yardar da mutane suke yi wa gwamnati. Sojoji sama da 500,000 a 1968, an kashe musu sama da 58,000, 'yan Biyetnam kuwa miliyoyi, kullum ana cewa nasara ta kusa alhali takardun sirri da jaridu suka fallasa a 1971 sun nuna manya sun san ba haka bane. Muhammad Ali ya ƙi zuwa a 1967 aka ƙwace masa kambu. Sai badaƙalar Watergate, ta leƙen asirin jam'iyyar adawa, ta tilasta wa Nixon murabus a Agustan 1974, ga layin mai bayan takunkumin Larabawa na 1973, ga tsadar kaya. A 1964 kusan kashi uku cikin huɗu na Amurkawa suna cewa sun yarda da gwamnatinsu, a 'yan shekarun nan abun yana yawo wajen ɗaya cikin biyar.

Kan wannan gajiyar Ronald Reagan ya hau a 1981, yana cewa gwamnati ba ita ce maganin matsala ba, ita ce matsalar. Ya sauke harajin manyan masu kuɗi daga kashi 70 zuwa 28, ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jirage sama da 11,000 da suka yi yajin aiki, daga nan ƙungiyoyin ƙwadago basu sake miƙewa ba, a shekarun 1950 kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku ɗan ƙungiya ne, yau ɗaya cikin goma. Bashin ƙasa kuma ya kusa ninka uku a hannunsa, mai wa'azin tsuke bakin aljihu. Amma mutumin da ya fi taɓa rayuwarmu a zamanin ba Reagan bane, Paul Volcker ne, shugaban babban banki da Jimmy Carter ya naɗa a 1979. Hauhawar farashi ta haura kashi 13, sai ya ɗaga kuɗin ruwa har wajen kashi 20. A gida ya yi maganin tsadar, a waje kuwa duk ƙasar da ta ci bashin dala sai ta wayi gari kuɗin ruwan ya fi ƙarfinta, Mexico ta ce bazata iya biya ba a 1982, farashin mai ya faɗi, Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu a shekarar, zuwa 1986 Babangida ya kawo SAP bisa tsarin IMF da Bankin Duniya aka karya naira, wadda a 1980 ta fi dala daraja. Ba ina wanke shugabanninmu bane, su suka ci bashin suka yi facaka dashi, amma wuƙar daga Washington aka wasa ta.

Sobiyat ta ruguje a Disamban 1991, Amurka ta zama ita kaɗai a fage, intanet da ma'aikatar tsaronta ta fara gwadawa tun 1969 ta shiga gidaje. Bill Clinton, ɗan Democrat, bai juya akalar Reagan ba, ya sa hannu kan cinikin bai-ɗaya da Mexico da Kanada wanda ya fara aiki a 1994, ya share wa China hanyar shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Kaya sun yi araha a kanti, amma ayyukan masana'antu suka sauko daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. A riƙe wannan lissafin, zai dawo.

Harin 11 ga Satumban 2001 ya kashe mutum kusan 3,000. Bayan kwana uku majalisa ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja kan duk mai hannu a harin, 'yar gajeruwar doka da bata da ranar ƙarewa bata kuma ambaci wata ƙasa ba, mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa. Shugabanni huɗu sun yi aiki da ita, har kan ƙungiyoyin da ba a ma kafa su ba a 2001. Afghanistan shekara 20, aka fita a Agustan 2021 Taliban ta koma kujerarta. Iraki a 2003 bisa zargin makaman ƙare dangi da ba a samu ko ɗaya ba, daga ɓaraguzanta ISIS ta fito. Wutsiyar abun har Sahel, sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez da aka kashe wa sama da dala miliyan 100, da kwanton ɓaunar Tongo Tongo na Oktoban 2017 inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da na Nijar, har sanata Lindsey Graham ya fito yana cewa shi bai san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Sojojin Tiani suka ce su tattara, suka fice a 2024.

A 2008 bankuna suka sake jefa ƙasar a rami da bashin gidaje na bogi, bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumba, majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, miliyoyin mutane suka rasa gidajensu, manyan shugabannin bankunan kuwa babu wanda ya kwana a gidan yari. Barack Obama ya ci zaɓe a tsakiyar wannan, duniya ta yi ta murna wai wariya ta ƙare, mu ma nan har sunansa aka raɗa wa yara. Wanda ya san abun da ya biyo bayan 1870 bai yi saurin murna ba. Garuruwan da masana'antunsu suka rufe ɗin nan, su suka juya Michigan da Wisconsin da Pennsylvania a 2016 da ratar da duka-duka bata kai ƙuri'a 80,000 ba, duk da Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan 3 a faɗin ƙasa. Sai kisan George Floyd a 2020, sai kutsen majalisa na 6 ga Janairun 2021, inda aka ga wani yana yawo da tutar 'yan tawayen kudu na 1861 a cikin ginin da su kansu 'yan tawayen basu taɓa shiga ba.

Ni dai yanda nake karanta Trump shine in duba wane zamani ya sa wa gatari. Na 1945 yana shan sara, harajin kwastam kan abokai da maƙiya, gori ga NATO, rufe USAID da Kennedy ya kafa a 1961, wanda cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe suka ji a jikinsu. Na 1965 ma haka, ƙofar baƙi da shirye-shiryen daidaito a ma'aikatu. Amma na 1935 ko kusa bai je ba, ya sha rantsuwa cewa bazai taɓa fanshon tsofaffi da Medicare ba, a jam'iyyar da ta shekara 40 tana cewa gwamnati ce matsala. Dokar kasafin da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 Medicaid ta yanka, ta talakawa, ta bar ta tsofaffi, kuma dalilin ba ɓoyayye bane, sama da mutum miliyan 60 ke karɓar fanshon nan duk wata kuma tsofaffi sun fi kowa fitowa ranar zaɓe. Su kansu masu kula da asusun sun ce ajiyarsa zata ƙare a farkon shekarun 2030, in majalisa bata ƙara haraji ko ta ɗaga shekarun ritaya ba abun da za a iya biya bazai wuce kusan kashi uku cikin huɗu ba, kuma har yanzu babu jam'iyyar da ta yarda ta fara furta wanne zata zaɓa.